Sali, garin masunta da motoci suka cika

Sali gari ne na bakin teku cikin ƙasar Sanagal, kusa da Mbur, wajen kilomita 80 kudu da Dakar. A da ƙauyen masunta ne. Bayan gari kuwa gonakin hatsi ne da gujiya, da wurin kiwo.

Cikin shekara ta 1984 gwamnati ta buɗe wurin hutawa na baƙi a Sali. Aka gina otel-otel, masu kuɗi suka sayi filaye suka yi gidaje. A 2017 aka buɗe sabon filin jirgin sama kusa da nan. A 2019 babbar hanyar gudoro daga Dakar ta iso Mbur. Motoci suka ƙaru ƙwarai.

Samari sun samu aiki, kifi ya yi kuɗi. Amma hanyoyin ƙauye ba don wannan nauyi aka yi su ba. Kamiyon yashi da siminti, da motar baƙi, da amalanken doki na manomi, duk hanya guda suke bi. Da rani ƙura, da damina ramu. Inda katanga ta tare hanyar dabbobi, dole makiyayi ya ƙetare gudoro da garkensa, motoci na gudu.

Abin lura ga manoma da makiyaya: ranar da aka zo awon fili don babban gini, kafin maigari ya sa hannu, a tambaya ina burtali, ina hanyar amalanke. Burtalin da aka gine ba ya dawowa.