Aikina Na Farko: Tsakanin Lemar Waya Da Keken Ɗinki

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah Mai azurta bayinSa, tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau wata tambaya ce da ɗan yayata ya kawo mini. Ya gama sakandare, yana zaman jiran sakamako, sai aka yi masa tayi biyu. Na farko ya zauna wa wani a rumfar POS, a riƙa biyansa duk wata. Na biyu ya je kasuwar waya ta Farm Centre ya koyi gyara, inda ba abin da zai samu sai kuɗin mota da na abincin rana. Ya ce, "Kawu, wanne zan ɗauka?" Na yi shiru na ɗan lokaci, domin tambayar ta mayar da ni shekarar 2003, lokacin da ni ma na tsaya a irin wannan mararraba ina ɗan shekara 17.

A wancan lokaci wayar salula ba ta fi shekara biyu da shigowa Nijeriya ba, domin a 2001 kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki. Layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka, balle a yi maganar wayar. Saboda haka sai wata sabuwar sana'a ta ɓulla a kowane lungu na birnin Kano: lema, da teburi, da kujera, da waya ɗaya. Mai son kira ya zo ya kira, a duba mintin da ya ci, ya biya. Ga kuma acaɓa, wadda a lokacin ita ce mafakar duk saurayin da ya iya tuƙa babur. A ba ka mashin da safe, ka kawo balas da yamma, abin da ya saura naka ne.

Hanyoyi uku aka buɗe mini. Wani abokina ya ce zai haɗa ni da mai babur. Wani yayanmu na unguwa ya ce in zauna masa a lemarsa da ke bakin titi, zai riƙa sallamata kullum. Mahaifina kuwa, Allah Ya ji ƙansa, ya riga ya yi wa wani tela abokinsa magana, dattijo mai ƙaramin shago da kekuna uku. Acaɓa dai Inna ta ce ko da wasa kada ta ji, saboda yawan karayar da take gani. Ya rage lema ko ɗinki.

A idona a wancan lokaci babu ma abin tsayawa tunani. A wurin tela zan yi watanni ina shara, da hura gawayin dutsen guga, da zuwa sayen zare, ba ko sisi. A lema kuwa zan zauna a inuwa da waya a hannu, abokai suna wucewa suna gani, da yamma in taho da kuɗi a aljihu. Na je na shaida wa Baba abin da na zaɓa. Bai yi faɗa ba, bai kuma tambaye ni nawa za a riƙa ba ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ka san halin mutumin da za ka zauna a ƙarƙashinsa?" Na ce ai ɗan unguwa ne. Ya ce, "To, Allah Ya sa albarka. Amma ka sani zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai."

Makon farko lafiya lau. Naira 40 muke karɓa a kowane minti, kuma in kira ya gota ko da daƙiƙa biyu ne sai a lissafa minti cikakke. Wannan ba zalunci ba ne daga gare mu, domin haka kamfanonin suke cajinmu, sai a wannan shekarar ne Glo ya zo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa. A mako na biyu ne maigidana ya koya mini abin da ya kira dabarar kasuwa. Ya ce in ɗan boko ne ya zo, in nuna masa fuskar wayar ya gani da idonsa. In kuwa tsoho ne ko mutumin ƙauye wanda bai iya karanta lamba ba, in ƙara minti ɗaya. Ya ce kowa haka yake yi, kuma daga nan ne sallamata take fitowa.

Ba zan ɓoye maka ba, mai karatu, na yi. Ranar farko gabana ya faɗi, harshena ya yi nauyi. Rana ta uku na faɗa ba tare da na ji komai ba. Kafin wata ya cika har na fara gane wanda za a ƙara wa tun daga nesa, daga irin tafiyarsa da yadda yake riƙe da takardar lamba. Ga shi kuwa ina salla a sahun farko, kuma na haddace Suratul Muɗaffifina tun ina ƙaramin yaro a makarantar allo. Na san kashedin da ta yi wa masu tauye mudu, amma a tunanina maganar ta masu awon gero da masara ce. Ban taɓa kawo wa raina cewa minti ma mudu ba ne.

Akwai wata tsohuwa da take zuwa duk ranar Juma'a da hantsi ta kira ɗanta da ke neman kuɗi a Legas. Lambar tana rubuce a wata 'yar takarda da ta ƙulle a gefen mayafi tare da kuɗinta. Ni nake danna mata, ni nake kara mata wayar a kunne. Wata Juma'a ta yi magana ta minti uku, na ce huɗu. Ta kwance ƙullin ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, naira 20 ba ta cika ba. Ta ce, "Ɗan nan, ka yi mini haƙuri, zan kawo maka." Na ce ba komai, Iya, ina ganin kamar na yi mata alfarma.

Washegari da tsakar rana, rana tana dukan ƙasa, sai ga ta tana dogara sanda. Ta miƙo mini naira 20, ta ce jiya ba ta yi barci mai daɗi ba saboda haƙƙin mutane yana wuyanta, kuma ba ta san ranar tafiyarta ba. Sannan ta dafa kaina ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, jikana, yadda kake taimakona." Na karɓi kuɗin hannuna yana rawa. Ta tako tun daga cikin gari don ta biya bashin da ba ta ci ba, ni kuma da na ci haƙƙinta ina zaune a inuwa ana sa mini albarka.

A daren nan na faɗa wa Baba komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce dole in mayar wa duk wanda na sani haƙƙinsa, waɗanda ban sani ba kuma in yi sadaka da kimanin abin da na ci da niyyar ladan ya je gare su, in kuma nemi gafarar Allah. Juma'ar da ta biyo baya na biya wa tsohuwar kuɗin kiranta daga aljihuna, na ce mata kyauta ce. Ban iya buɗe baki na faɗa mata gaskiya ba, kuma har yau wannan yana ci mini rai. A ƙarshen watan na miƙa wa mai lema wayarsa.

Na shiga shagon tela gab da azumin shekarar. Abin da na guda shi na tarar: tsintsiya, da gawayi, da aike. Sai da na yi makonni ina sa maɓalli da yin kalmasa kafin a bar ni in hau keke, almakashi kuwa sai bayan watanni. Amma tun kafin in iya zare allura da kyau na fara ganin wasu abubuwa. Malam, haka muke kiransa, in ya yanka shadda ya rage ƙyalle, ko da bai wuce na aljihu ba, sai ya naɗe ya sa a cikin kayan mai shi. Da azumi ya kai goma sha biyar ya daina karɓar ɗinkin Salla, ko da an ninka masa kuɗi. Na taɓa ce masa, "Malam, ga kuɗi muna korarsu." Ya ce, "Yaro, in na karɓa na yi alƙawari, in na saɓa kuma wani zai yi Idi da tsohuwar riga saboda ni." Da an kira salla kekuna suke tsayawa. Bai taɓa zaunar da ni ya yi mini wa'azi ba, amma abin da na koya a wurinsa game da amana ya fi abin da na koya game da ɗinki.

Daga baya na fahimci cewa wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan ɗan lada kaɗan, kuma babu Annabin da bai yi kiwo ba. Malamai sun ce hikimar ita ce kiwo yana koyar da haƙuri da tausayi da kula da mai rauni. Kafin Nana Khadija (RA) ta danƙa masa dukiyarta ya kai Sham, mutanen garinsa sun riga sun san shi da amana. A Suratul Ƙasas kuma, lokacin da 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, siffofi biyu ta ambata, ƙarfi da amana, aka kuwa yi yarjejeniya a fili a kan shekara takwas, in ya cika goma don ganin damarsa ne. Annabi Dawuda (AS) yana ƙera sulke yana ci daga aikin hannunsa, Annabi Zakariyya (AS) kuma kafinta ne. Duk mai neman aikin farko yana da abin dubawa a nan: ya ƙara ƙwarewa, ya tsare amana, kuma a yi magana a fili tun farko a kan lada da lokaci.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban ce lema haramun ce ba, kuma na san masu lema da yawa da ba su taɓa ƙara wa kowa daƙiƙa ba. Abokina da ya shiga acaɓa da guminsa ya aurar da ƙannensa biyu. Na kuma san akwai yaron da ba shi da damar yin wata shida ba ya kawo komai gida, domin da abin da ya samo ake ɗora tukunya. Irin wannan ya kama abin da ya samu na halal, babu kunya a ciki, Allah Ya sa masa albarka. Da wanda Allah Ya ba damar zaɓi nake magana.

Shi ma ya dubi yadda zamani yake juyawa. Cikin 'yan shekaru waya ta yi araha, kowa ya mallaki tasa, lemomin kira suka watse kamar ba a yi su ba. A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa, dubban matasa suka wayi gari suna neman abin yi. Ni kuwa, ko da yake ban zama tela ba, da keken ɗinki na biya kuɗin rajista a Jami'ar Bayero, da shi na riƙe kaina duk lokacin da aka tafi yajin aiki. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

To, me na ce wa ɗan yayata? Ban zaɓa masa ba. Na ba shi labarin tsohuwar nan, na kuma tuna masa cewa a rumfar POS ma tsofaffi za su miƙo masa kati su faɗa masa lambar sirri, a wurin gyara kuma za a bar masa waya da hotunan iyalin mutane a ciki, kuma mai ita ba zai san ko sabon kaya aka sa masa ko tsoho ba. Duk inda ya je akwai mudu. Na ce ya je ya wuni a kowane wuri kafin ya amsa, ya lura da yadda maigidan yake yi wa wanda bai san farashi ba, da abin da yake yi in an kira salla, ya tambayi yaran da suka riga shi me suka iya bayan shekara guda, ya kuma tabbatar aikin zai bar masa lokacin Islamiyya da karatun jarrabawa. Bayan haka ya yi istihara, ya nemi yardar iyayensa. Tambayar da Baba ya yi mini a 2003 ita na maimaita masa, domin sai yanzu na san nauyinta.

Ya tafi yana tunani, har yanzu bai dawo mini da amsa ba. Ina roƙon mai karatu ya sa shi a addu'a, ya sa mahaifina da Malam tela, da wannan tsohuwa da ban san ko sunanta ba.

Allah Ya azurta mu da halal mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya yafe mana abin da muka yi cikin ƙuruciya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.