Sophia Antipolis, Inda Ƙarfen Sabis Ya Koyi Saurare

Daga Antibes, a kudancin Faransa, bas ta yi ta hawa tudu da mu har Sophia Antipolis. Babu kasuwa, babu hayaniya, sai ofisoshi da ɗakunan bincike a lulluɓe cikin bishiyoyi. Pierre Laffitte ne ya assasa wurin a 1969. Hedikwatar ETSI na nan, tare da sakatariyar 3GPP, masu tsara ƙa'idojin 4G da 5G.

Cibiyar bincike ta Eurecom ce ta kawo ni, saboda wani aiki da aka yi a cikinta kan matsalar sadarwa. An daɗe ana tsara sadarwar kwamfuta kamar bene mai hawa bakwai: kowane hawa ya karɓi saƙo, ya miƙa wa na kusa da shi, ba ruwansa da halin da wancan ke ciki. A kan igiya, tsarin ya yi daidai. A sararin sama kuwa sigina ba ta da tabbas. Bango ko wucewar mota na iya raunana ta, ƙunshin bayani ya ɓace, sai tsarin TCP, mai daidaita gudun aika bayani a can hawan sama, ya ɗauka cunkoso ne, ya rage gudu ba gaira ba dalili.

A 1995 Raymond Knopp da Pierre Humblet suka nuna a Eurecom cewa idan a kowane lokaci aka bai wa mai siginar da ta fi ƙarfi hanya, jimlar bayanan da ke wucewa za ta ƙaru. Yau a 4G, wayarka na sanar da ƙarfen sabis ingancin siginarta da lamba daga 0 zuwa 15, shi kuma yana iya sake rabo har sau dubu a daƙiƙa guda. Hawan ƙasa ya fara yi wa na sama magana ke nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin da ke can nesa da ƙarfen. In dai ƙarfi kaɗai za a bi, da ƙyar zai riƙa samun hanya. Shi ya sa kamfanin Qualcomm ya yi amfani da rabon da ke auna kowa da abin da ya saba samu, a ba shi hanya lokacin da siginarsa ta ɗaga. Sai dai masu bincike Kawadia da Kumar sun ja kunne a 2005 cewa cakuɗa hawa-hawan barkatai na iya haifar da tsarin da gyaransa zai gagara.

Ina tare da su. A buɗe ƙofofi tsakanin hawa-hawan, amma kaɗan, kuma a fara lissafi da na nesa.