Bugun Farko: Daga Gwanjon Landan Zuwa Duwatsun Birnin Kudu

Ranar 24 ga Nuwamba 1859 maɗaba'ar John Murray ta Landan ta fitar da littafin Charles Darwin, On the Origin of Species. Kwafi 1,250 kacal aka buga, ana sayar da kowane a kan sule 15. Yau idan ɗaya daga cikinsu ya bayyana a gidajen gwanjo irin su Christie's ko Sotheby's, ɗaruruwan dubban daloli ake zubawa kafin a sallama shi.

Abin da ya sa haka ba ilimin da ke ciki ba ne, domin rubutun yana intanet kyauta. Masu tara bugun farko shaida suke saye: takardar da aka fara ɗora magana a kanta, kafin marubucin ya gyara, kafin masu suka su tilasta masa yin kwaskwarima. Darwin kansa ya sake bitar littafin har bugu shida. Shi ya sa mai saye ke duba koren bangon, sannan ya buɗe shafi na 20 yana neman wata kalma da maɗaba'a ta rubuta ba daidai ba. Kuskuren da ya kamata ya rage wa littafi daraja shi ne ke tabbatar da asalinsa.

A wannan littafi Darwin bai yi dogon bayani a kan ɗan Adam ba. Thomas Huxley ne ya fara tunkarar batun a 1863, kafin Darwin ya fitar da The Descent of Man a 1871, cikin juzu'i biyu, inda ya yi hasashen cewa a Afirka ya fi dacewa a nemi tushen. Ko mutum ya yarda da ra'ayin ko ya ƙi, a wannan nahiya aka yi ta gano tsofaffin ƙasusuwa masu muhimmanci, daga Taung ta Afirka ta Kudu a 1924 har zuwa hamadar Jurab ta Chadi a 2001.

Mai karatu a Basirka, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, yana iya ganin wannan sha'ani na masu hannu da shuni ne a Turai. Amma guguwar ta iso har maƙwabtansa. A tsakiyar shekarun 1950, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya binciki zanen shanu da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Shanun ba su da tozo, saɓanin waɗanda Fulani ke kiwo a yankin yau. A nan kuma ya lura da duwatsun da ke amsa amo idan an buga su. Ya gabatar da bincikensa a taron masana tarihin farko na Afirka da aka yi a Livingstone a 1955, aka buga shi cikin kundin taron a 1957.

Wannan kundi shi ne bugun farko da ya fi shafar kudancin Jigawa. Farashinsa bai kai ko kusa da na Darwin ba, amma amfaninsa a nan ya fi yawa. Rana da ruwan sama da hannun mutane suna cin zanen sannu a hankali, don haka bayanin da aka rubuta shekara saba'in da suka wuce ya zama ma'aunin gane abin da ya goge.

Mallakar irin wannan littafi a yankin tana da nata wahala. Gara ba ta san daraja ba, laimar damina na haifar da fumfuna, ƙurar hunturu kuma na busar da takarda har ta riƙa karyewa. Sai dai malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin magani: gafaka ta fata, akwatin da aka ɗaga daga ƙasa, da shan iska lokaci-lokaci. Da haka rubuce-rubucen ƙarni na 19 suka kawo yau.

Ɗakin karatu na makarantar sakandare a Birnin Kudu ko Gwaram ba ya buƙatar Darwin na 1859. Kwafi ɗaya na rahoton Fagg, ko da hoto aka ɗauka aka ɗinke, ya isa ɗalibi ya riƙe shi ya je gindin dutsen ya gwada da idonsa.