Ranar da Kwamfutar Ƙungiya Ta Ƙi Tashi



Duk mazaunin Maigatari ko Gumel ko Gagarawa ko Sule Tankarkar ya san cewa idan na'ura ta lalace a nan, matsala biyu ce ta same shi: lalacewar, da kuma nisan mai gyara. Waya ce ko kwamfuta, abin da za ka fara ji shi ne "sai an kai Kano". Kai ta Kano kuwa kuɗin mota ne zuwa da dawowa, da yini guda cur, da zaman jira a Farm Centre. Shi ya sa muka ga ya kamata a wannan makon mu ba ku labarin kwamfutar da ƙungiyarmu ta haɗa, da hanyar da muka bi da ta ƙi tashi, ko wani zai tsira da kuɗin motarsa.

Dalilinmu na neman kwamfuta biyu ne. Yawancin rubuce-rubucenmu a littafin makaranta suke ko a waya, kuma duk wanda ya taɓa kai labari mai shafi ɗari shagon buga takardu ya san yadda kuɗin shafi-shafi ke karya gwiwa. Na biyu kuma ƙannenmu ne. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma har gobe akwai yaron da ranar jarrabawa ce ranar da ya fara riƙe linzamin kwamfuta. Ya san amsa, hannunsa na rawa, lokaci na tafiya.

Sai muka yi adashi na wata da watanni. Wani dattijo mai harkar shanu a kasuwar Alhamis ya ji labari ya cika mana. Muka zaɓi mu sayi kayan ɗai-ɗai mu haɗa ta tebur da kanmu maimakon laftof ta hannu, saboda ta tebur duk abin da ya mutu a cikinta ana iya cire shi kaɗai a canza. Biyu daga cikinmu mun yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, don haka aikin haɗawa ya faɗo kanmu.

Kaya suka iso daga Kano cikin kwalaye. Muka kwashe yamma guda muna ɗaurawa. Lokacin hunturu ne, iska a bushe, irin lokacin da za ka ja bargo da dare ka ga tartsatsi. Wannan tartsatsin da ba ya yi wa mutum komai yana iya kashe ram ko furosesa, don haka kafin mu taɓa kowane abu sai mun fara dafa ƙarfen akwatin. Da muka gama aka kira 'yan ƙungiya, har da dattijon nan. Shugabanmu ya yi bisimilla ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa. Ko fanka ba ta motsa ba.

Nan take ɗaki ya cika da likitoci. Wani ya ce gawa aka sayar mana. Wani ya ce wutar sola ba ta tada irin wannan. Ma'ajiyarmu, wadda ita ta bi mutane gida-gida tana karɓar kuɗi, ta matso kusa ta ce a hankali, "Yaya, ku dai faɗa mini gaskiya, kuɗin mutane sun tafi ke nan?" Tambayarta ce ta fi komai nauyi, domin a gari irin namu kuɗin ƙungiya idan suka salwanta ba a sake samun mai ba da sisi, kuma sunanka ya shiga bakin mutane ke nan. Dattijon ne ya kashe surutun. Ya ce, "Samari, mu a kara idan sa ya ƙi tashi ba wuƙa muke fara nema ba. Baki muke dubawa, mu duba kofato, mu duba ciki. Ku duba abinku a tsanake." Muka ce, "To Baba, a ba mu kwana biyu."

Abu na farko shi ne tantance irin ƙin tashin, domin kala uku ne kuma kowanne da inda ake nemansa. Akwai wadda fanka za ta juya, fitilu su kama, amma sikirin ya tsaya baƙi; wannan galibi ram ce ba ta zauna daidai ba, ko wayar sikirin ce aka soka a ramin da ba nata ba. Akwai wadda za ta yunƙura na daƙiƙa ɗaya ta mutu. Wannan yawanci wani abu ne ke haɗa wuta, akwatin wuta ya kare kansa ya yanke. Sai ta uku, wadda ba motsi ba ƙara ba haske. Tamu ke nan. Irin wannan magana ce ta wuta, kuma wuta hanya take bi, daga bango zuwa maɓalli. Sai muka bi hanyar da ƙa'ida ɗaya: abu ɗaya za a canza a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako. Wanda ya canza abu uku tare, ko ta tashi bai san wanne ne ya gyara ba.

Muka fara da soket. Muka jona fankar tsaye ta juya, muka sa mitar gwajin wuta ta nuna kusan bolt 230, wato ma'aunin wutar gida a Najeriya. Zargin sola ya faɗi. Daga nan sai wayar wuta. Filogi mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi yana da ɗan fis a cikin kansa, kuma idan ya tsinke waya za ta yi kyau a ido alhali ba ta kai komai. Muka musanya da wayar sikirin, wadda muka ga tana aiki kuma bakinsu ɗaya. Shiru. Muka leƙa bayan akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa saflai, muka tabbatar makunninsa na kan alamar I. Wasu tsofaffin akwatunan suna da wani jan makunni na zaɓin 115 ko 230. A ƙasarmu dole ya zauna a 230, wanda ya kai shi 115 ya jona zai ji ƙara da ƙauri. Namu ba shi da shi.

Sai muka shiga ciki. Madabod, wato babban allon da komai ke hawa kansa, wayoyin wuta biyu take buƙata: babba mai rami 24, da ƙarama mai rami 8 ko 4 da ke can sama kusa da furosesa. Kowacce tana da ɗan maƙulli da sai ya ce ƙas ta zauna. Muka zare su muka mayar. Daga nan muka koma kan siririyar wayar da ta taso daga maɓallin gaba zuwa wasu ƙananan allurai a gefen allon. Mutane da yawa ba su san maɓallin nan ba ya ɗauke da wata babbar wuta ba. Aikinsa kawai ya haɗa allura biyu na ɗan lokaci. Don haka muka buɗe littafin madabod muka gano alluran biyu, muka zare wayar, muka taɓa su tare da bakin sukudireba. Da maɓallin ne ya lalace, da nan take ta tashi. Ba ta tashi ba.

Washegari muka kwance allon gaba ɗaya muka ɗora shi kan kwalinsa. Dalili shi ne bayan allon cike yake da ɗigon dalma, kuma 'yan ginshiƙan tagulla ne ke ɗaga shi daga jikin ƙarfen akwati. Ginshiƙi ɗaya a wurin da babu rami, ko kusa ɗaya da ta faɗa baya, ya isa ya hana komai aiki. Muka bar furosesa da fankarta da ram guda ɗaya kawai, muka cire sauran. Muka zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintuna don allon ya koma yadda ya fito daga kamfani, muka mayar. Har yanzu shiru. Amma a nan muka lura da wani abu: allon yana da 'yar fitila da ya kamata ta kama da zarar an jona wuta, tun kafin a danna komai. Ba ta taɓa kamawa ba.

Wannan ya kai mu ga akwatin wuta. Tsarin da ake kira ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, ya ba wayoyin launi: rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙaƙe kuma su ne na ƙasa. Akwai shanshanbale guda ɗaya da ke ba da bolt 5 a koyaushe ko kwamfuta na kashe, ita ce ke sa allon ya ji an danna maɓalli. Sai koriya guda ɗaya, wadda ta ita ce allon ke ba akwatin umarnin tashi. Muka raba akwatin da komai, muka kashe shi, muka lanƙwasa guntun waya muka haɗa ramin koriya da na baƙa, sannan muka kunna. Lafiyayyen akwati a nan yake tashi. Wasu na zamani fankarsu ba ta juyawa sai sun ɗau zafi, don haka ba mu tsaya ga ido ba, muka sa mita. Rawaya babu komai, ja babu komai, shanshanbale ma babu komai. Wani daga cikinmu ya ce a buɗe shi a gani. Muka hana, kuma muna roƙon duk mai karanta wannan kada ya taɓa buɗe akwatin wuta, domin akwai abubuwa a cikinsa da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi daga bango.

Saura tabbatarwa, don mataccen akwati bai nuna allon lafiya yake ba. Muka hau mota zuwa Gumel wurin wani abokinmu mai shagon buga takardu, ya ara mana nasa na yini ɗaya. Muka jona a kan kwali, 'yar fitilar ta kama. Muka taɓa alluran biyu, fanka ta juya, sunan kamfanin allon ya fito a sikirin. Ma'ajiyarmu ta zauna a kan benci ta ce, "Alhamdu lillahi, yau zan yi barci."

Tafiya Kano dai ba ta faɗi ba, amma abu ɗaya muka ɗauka a leda, tare da rasit da bidiyon gwajin da muka yi a waya. Mai shagon ya fara da cewa wutar garinmu ce ta ƙona shi. Muka ce, "Ranka ya daɗe, shinshina ka ji ko da ƙauri, ga hatimin kamfani ba a taɓa ba, ga kuma ma'aunin wutar da muka jona shi a kai." Ya gwada da kansa, ya yi shiru, ya ɗauko wani. Wannan aka kunna a gabanmu kafin mu baro shagon. Da duka kwamfutar muka kinkima muka ce "ta ƙi tashi" kawai, Allah kaɗai Ya san abin da za a ce mana ya mutu da abin da za mu biya.

Yanzu tana aiki. Mun ɗinka mata murfin yadi saboda ƙura, kuma ba a jona ta a ƙaramin janareta sai ta bayan sitabilaiza. Asabar da Lahadi da safe na 'yan JAMB ne, su koyi linzami da kibod. Sauran ranaku na masu rubutu, kowa da layinsa a littafin ma'ajiya. Takardar da muka rubuta matakan gwajin a kai mun manna ta a bango, kuma 'yan uwa na Gagarawa da Sule Tankarkar da ke shirin haɗa tasu za su iya zuwa su kwafa, mu ara musu mita. Dattijon ya aiko jikarsa tana cikin rukunin farko.

Allah Ya sa mu amfana, Ya ba ƙannenmu sa'a. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.