Ranar da lagireto ya kunyata ni a hanyar Tiga

Ina ɗan firamare na fara kallon 'Dhoom', fim ɗin Indiya na 2004 wanda marigayi Sanjay Gadhvi ya bada umarni. Ba na jin na fahimci labarin a lokacin. Abin da ya zauna mani a rai shi ne John Abraham, a matsayin Kabir, a kan Suzuki Hayabusa ya na tsala gudu, 'yan sanda na bin sa a banza. Bara na tattara ɗan abin da na tara daga rubuce-rubuce, na sayi wani tsohon babur na hannu ɗan Japan mai injin 400cc. Ko ƙanen Hayabusa bai kai ba, amma idan na murɗa shi a Zoo Road sai an waiwayo.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, baburan da mu ka saba da su, su Jincheng da Boxer, iska ce ke sanyaya injin su. Nawa kuwa ruwa ne, kamar mota. Ya na da lagireto a bayan tayar gaba, da ɗan famfon da ke zagayawa da ruwan cikin inji, da 'yar fanka. Mai sayarwa ya ce, "Ka dai riƙa duba ruwa." Ni kuma duk safiya sai in cika shi da ruwan burtsatsen unguwar mu, ina ganin na fi kowa kula da kaya.

Cikin watan Afrilu, ana tsakar zafi, aka gayyace ni lokeshan a Tiga, za a ɗauki waƙa. Na wuce Kura kenan sai na ji ɗumi a ƙafar wando na. Na duba, allurar zafi ta haura ja, ruwa na ɗiga a kan takalmi na. Na gangara gefen titi na kashe inji, na kai hannu zan buɗe murfin lagireto. Wani direban tifa da ke hutawa a inuwa ya daka mani tsawa: "Kai, Malam! Ka na so ka sale fuskar ka?" Allah ya saka masa da alheri. Murfin nan matse ruwan ya ke yi don kada ya tafasa a digiri 100 kamar ruwan tukunya. Ka buɗe shi da zafi, matsin ya tafi, ruwan ya tafasa nan take ya feso maka.

Da ledojin fiya wata na ƙarasa, in yi tafiya kaɗan in tsaya in ƙara. Ko da na isa har an fara naɗe kaya. Wani mai riƙe fitila ya hango ni ina tura babur, ya ce, "Jama'a, ga Kabir na 'Dhoom' nan ya iso a ƙafa!" Wanda ya sa aka ɗora mani babur ɗin a motar janareto kuwa darakta ne da na taɓa yi wa fim ɗin sa kaca-kaca a wannan shafi. Bai ce mani komai ba har Kano. Wallahi da ma zagi na ya yi.

Daga nan masu bada shawara su ka yi mani caa. Wannan ya ce in fasa ɗanyen ƙwai a ciki, wancan ya ce garin barkono, wani ya ce akwai maganin kwalba da ake zubawa ya toshe yoyo. Duk dabara ɗaya ce: abin ya bi ruwa ya je ya liƙe a bakin hujin. Matsalar ita ce bai san huji daga hanya ba, kuma hanyoyin ruwan lagireton babur ƙanana ne ƙwarai. Bakaniken layin mu, wanda ke kwance Boxer ido a rufe, ya juya abin ya juya, ya ce, "Oga, mu shafa masa gam." Mu ka kwaɓa gam ɗin nan mai haɗi biyu mu ka shafe wurin. Kwana tara ya yi. A na goma na tashi na tarar da ƙasan babur a jiƙe.

Sai aka kwatanta mani wani dattijo mai gyaran lagireto a Ƙofar Ruwa. Bai tambaye ni labari ba. Ya toshe bakunan lagireton, ya tsoma shi cikin baho, ya hura iska, kamar dai yadda mai faci ke neman huji a tub. Mu ka tsuguna mu na kallo. Kumfa ta taso daga inda mu ka shafa gam, sannan daga wasu wurare uku, biyu daga ciki a daidai inda siraran bututun su ka haɗu da tankin gefe.

Ya ɗago kai ya ce, "Ɗan nan, wane ruwa ka ke ba shi?"

Na ce, "Na burtsatse, Baba."

Ya ce, "To ai kai ka cinye shi."

Ya yi mani bayanin da ban samu a foliteknik ba, don ni aikin jarida na karanta. Lagireton motocin da, na tagulla ne, ana like shi da darma ya koma aiki. Na baburan nan alminiyom ne, siriri kamar gwangwanin lemo, darma ba ta kama shi yadda ya kamata, waldar sa kuma sai gwani, in hannu ya yi nauyi hujin ya ƙara faɗi. Duk da haka, in ji shi, da dutse ne tayar gaba ta cillo ya huda bututu ɗaya, zai gyara mani in tafi, ko ya matse bututun ya kashe shi, sauran su ci gaba da aiki. Amma nawa daga ciki ya ruɓe. Ruwan burtsatse na barin farin dusa-dusa a hanyoyin, kuma babu sinadarin hana lalacewar ƙarfe irin wanda ke cikin koren ruwan nan na lagireto da ake sayarwa a jarka. "In na toshe huɗu yau, wata mai zuwa ka dawo mani da shida. Kuɗin ka zan ci, ba gyara zan yi maka ba."

Na so in yi gardama, saboda kuɗin wani lagireton, ko da na hannu ne, ya kusa cinye abin da na ke tarawa don sayen kwamfuta. Wadda na ke rubutu da ita sai an ɗaure cajar ta da roba. Na ce, "Baba, a lallaɓa mani ko na wata uku ne." Sai ya zare ma'aunin baƙin mai ya duba, ya nuna mani. Ya ce yanzu man baƙi ne, in gode wa Allah. Ranar da zafi ya lanƙwasa kan inji, gasket ya ƙone, ruwa zai shiga cikin mai ya koma kalar shayi da madara. A ranar ba maganar lagireto za mu yi ba, maganar inji ce, kuma kayan injin irin wannan babur ba a kowane shago ake samu ba.

A 'Dhoom' ɗin ma akwai bakanike, Ali, wanda Uday Chopra ya fito a matsayin sa. Na sake kallon fim ɗin a satin, da haushi na, ina jiran inda wani zai durƙusa ya duba ruwa. Ban gani ba.

Sati uku na yi ina hawan adaidaita-sahu kafin wani ya iso daga Legas. Baba bai yarda an ɗaura shi ba sai da ya tsoma shi a bahon nan. Kumfa ta fito daga wuri ɗaya, gaban wani bututu, hujin dutse. Ya yi murmushi ya ce, "Irin wannan ne aikin mu." Ya like shi, ya sake gwadawa, ya wanke hanyoyin inji, ya zuba koren ruwa, sannan ya yanko 'yar ragar waya ya ɗaura a gaba don tare duwatsu. Tsohon kuwa ya cilla shi kan tarin da ke bayan rumfa, ya ce 'yan gwangwan za su saya a kilo. Wannan rubutun da tsohuwar kwamfutar na yi shi, cajar na ɗaure da roba.