Baƙon Rani da Muka Tarar a Ingila

A watan Mayu muka sauka a Ingila, mu biyar, dukanmu malaman makaranta. Wata safiya da sassafe aka kai mu Minsmere, wani gandun tsuntsaye a bakin teku cikin yankin Suffolk. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ce take lura da wurin tun 1947. Sanyi ya dame mu ƙwarai, ga shi kuwa mutanen ƙasar suna ta murna, wai ɗumi ya zo.

Jagoranmu wani dattijo ne. Ya ba mu aron madubin hangen nesa, ya ce mu ajiye kyamara tukuna, gama a wannan aiki kunne ne yake gaba da ido. Gaskiyarsa kuwa. Cikin wani kurmi muka ji tsuntsun da suke kira nightingale yana rera waƙa mai ƙarfi, mai daɗi. Muka yi kusan sa'a guda muna leƙe, ko wutsiyarsa ba mu gani ba. Ɗayanmu ya so ya kutsa ciki, sai dattijon ya hana shi. Ya ce lokacin sheƙa ne, in uwa ta firgita ta bar ƙwai zai yi sanyi, hoto kuwa bai kai ran tsuntsu ba.

Da muka fito fili, sai muka ji wata gajeriyar waƙa mai kaushi daga kan ƙaya. Wani ɗan tsuntsu ne. Ya tashi sama yana waƙa, ya komo mazauninsa. Dattijon ya ce mu duba abu uku: kai, maƙogwaro da fiffike. Kansa toka-toka ne, maƙogwaronsa fari fat, fiffikensa da ja-ja kamar jan ƙasa. Turawa suna ce da shi whitethroat, wato mai farin maƙogwaro. Namiji ne, gama kan tamata ya fi kusa da ruwan ƙasa. Yana da wani ɗan'uwa da ya fi shi ƙanƙanta, amma shi wannan ba shi da ja a fiffike. Muka juya wa rana baya, muka durƙusa shiru, muka saita kyamara a kan idonsa. Cikin hotuna arba'in, biyu kaɗai suka fito sosai.

Sa'an nan dattijon ya tambaye mu ƙasarmu. Da ya ji, ya yi dariya ya ce, "Ashe baƙonku kuka biyo!" Irin wannan tsuntsu, mai nauyin giram 15 ko kusa da haka, yakan bar Turai da kaka ya ƙetare hamadar Sahara, ya ci rani a ƙasashen Sahel, daga Senegal har bakin Tafkin Chadi. Kafin ya koma a watan Afrilu, yakan ci ƙwari da 'ya'yan itacen asawaki har ya tara kitse. Kitsen nan shi ne guzurinsa na ƙetare hamada.

Ga abin da ya sa jikinmu ya yi sanyi. A 1968 damina ta gaza a Sahel. Da shekara ta kewayo, a 1969, masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka tarar yawansu ya ragu da kimanin kashi 70 cikin 100. A 1974 masana suka bayyana cewa fari ne sanadi. Farin da ya soma cinye gero da shanu a wajenmu, shi ne ya sa shingayen Ingila suka yi tsit.

Mun dawo da hotunan nan biyu, da kunya kuma, domin shekara da shekaru tsuntsun yana zuwa bayan gonakinmu ba mu kula ba. Ya ku iyaye, in za a sare itace a bakin gona, a tuna akwai baƙon da yake dogara gare shi. Ku kuwa yara, in rani ya yi, ku ajiye danƙo a gida. Ku zauna shiru gindin ƙaya, ku duba kai, da maƙogwaro, da fiffike.