Juriya Iri Biyu Ce

Ƙagaggun labaranmu na farko, waɗanda aka buga a shekarun 1930, sun koya mini cewa juriya iri biyu ce.

A cikin Jiki Magayi, Malam Shehu ya raba Abubakar da Zainabu da ƙarfin dukiya. Abubakar ya jure wahalar daji da doguwar tafiya, amma wutar ramuwa ce ke ingiza shi. Ƙarshenta ya rusa gida guda, har da yaron da bai ci ba bai sha ba.

Shi kuwa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, an sace shi yana ƙarami, aka raba shi da mahaifiyarsa, ya ƙetare Sahara. Bai ƙullaci kowa ba. Ya duƙufa ga karatu har ya zama shaihin malami a Rauta.

Da wasu dangi suka danne mana gonar gado bayan rasuwar mahaifinmu, mutanen nan biyu na ɗora a sikeli. Na bar maganar a hannun dattawa, na koma makaranta. Gonar ba ta dawo ba har yau, amma ina barci da zuciya ɗaya, ƙannena kuma ba su gaji gaba ba.